Ƙudan da ya kusa tashi da digirina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya kare binciken digirina. Da safe Inna ta rako ni har zauren gidanmu a Tudun Wada tana cewa, "Allah Ya sa bana ka kawo mana takardar nan, mu huta da tambayar maƙwabta." In na faɗi, sai baɗi.

Aikina kan 'yan mitsi-mitsin leza ne, wato na'urorin da ke harba siririn haske, ƙanana har ido ba ya ganinsu. Babbar leza, in kana ƙara mata wuta, da farko haskenta a warwatse yake, kwatsam sai ya kama, ya tafi bai ɗaya. In an zana layin da ke nuna ƙaruwar hasken, a wurin yakan lanƙwashe kamar gwiwa. Ƙaramar kuwa ba ta da gwiwa, a hankali take kamawa. Na san haka sarai (babi guda na rubuta a kai, da hannuna!).

Majigi ya haska zanena a bango. Farfesar da aka gayyato daga waje, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce, "Malam, nuna mana inda lezarka ta kama."

Wallahi komai ya gudu daga kaina. Can sai na hango wani baƙin ɗigo a kan layin. Alhamdulillahi! Na saɓa babbar riga, na ɗaga sanda, na gyara murya irin ta masana: "Ranki ya daɗe, ga shi nan a fili."

Ɗigon ya tashi. Ashe ƙuda ne. Ya zaga ɗakin, ya sauka a hular malamina, Daktan da ke duba aikina.

"To," in ji Farfesa, "yanzu a kan Dakta ta kama ke nan?"

Ɗaki ya ɓarke da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma da yake mutunci ya riga ya zube, sai tsoro ya sake ni.

"Ranki ya daɗe, babu wurin nunawa. In matan unguwarmu suka taru dakan biki, hayaniya za ki ji, kwatsam lugude ya haɗu, kowa ya san lokacin. Amma Inna da ƙanwata su biyu a turmi ɗaya, sannu-sannu suke daidaita, ba mai cewa ga bugun da ya haɗa su. Sai an saurari tazarar bugun, ba ƙarfinsa ba. Haka ƙaramar leza: tsarin isowar ƙwayoyin haske ake aunawa."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ga amsa a bakinka, ka tafi farautar ƙuda?" Sannan ta sa hannu.

Da yamma Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Yanzu ni ma ɗalibai nake koyarwa. Abin da babu, nakan ce babu. Kuma ba na nuna komai da sanda sai na fara korarsa na ga ko zai tashi.