Ranar da Zakin Tenere Ya Durƙusa

Duk wanda bai san Alhaji Abdoulkarim ba, to bai san hamada ba. Wannan kuwa ba maganata ba ce, maganar Alhajin ce da bakinsa. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin yashi. Yana zaune a shagonsa na shadda a Babbar Kasuwar Yamai, fanka tana fifita shi, sai ya gaya maka inda iska ta dosa a Bilma yau da hantsi. Maƙwabtansa na kasuwa suka raɗa masa Zakin Tenere, shi kuma saboda tawali'u, a ƙofofin motarsa biyu kawai ya sa aka rubuta sunan da jan fenti.

Motar kuwa ai ba a magana. Farar kat-kat ce, irin mai ja da taya huɗu, mai buɗaɗɗen baya, tsohon yayi amma mai ƙarfi. A bayanta akwai shebur biyu, da jarka huɗu, da igiyar jan mota, da faffaɗan ƙarfen da ake shimfiɗa wa taya in ta kafe. Shekara shida ke nan babu ko ɗaya da ya taɓa ƙasa. Sau biyu ake wanke ta a rana, sheburan ma ana goge su da tsumma. Aikinta shi ne daga gida zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gida, kuma in an yi ruwa Alhaji yakan kewaye layin da ba kwalta, wai kada mota ta saba da ƙananan abubuwa.

Akwai labarin da duk mai sayen shadda yake samu kyauta, na yadda Alhaji ya ratsa hamadar Tenere shi kaɗai. Da farko kwana biyar ya yi. Shekarar da ta biyo ya koma huɗu. Bana dai kwana biyu da wuni ne, kuma an ƙara guguwa.

Mutum ɗaya ce ba ta cewa komai in ana wannan labari, wato matarsa, Hajiya Ramatou. Ta san iyakar arewar Alhaji ita ce Tahoua, lokacin da ya je gaida iyayenta a motar haya, ya yi barci tun daga Dosso. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha huɗu tana bin ayarin rigakafi cikin dajin Tahoua. Ta tone yashi da hannunta, ta karɓi tuƙi ranar da zazzaɓi ya kayar da direbansu. Alhaji yana kiran wannan duka “yawon allura”. Ba ta damu ba. Tana son mijinta da surutunsa, abin da take gudu kawai shi ne ranar da za a ce ya nuna.

Ranar kuwa ta zo. Masu kat-kat na Yamai suna da ƙungiya, kuma duk shekara sukan yi jerin gwano zuwa bikin makiyaya a Ingal. Jagoransu, tsohon direba Ɗan'azumi, ya ce idonsa ya yi rauni, a nemi wani. Al'adarsu ita ce a kai tsohuwar butar shayin ƙungiya kan wani tudun yashi a bayan unguwar Harobanda, can ƙetaren kogi, mai neman jagora ya hau da motarsa ya ɗauko ta. Sau uku ake ba mutum. Babu wanda ya yi takara da Alhaji, don wa zai ja da Zaki? Tun kafin ranar har ya buga kati mai ɗauke da sabon muƙaminsa, ya raba wa rabin kasuwa.

Ranar Lahadi da safe ya sha farar shadda, ya naɗa rawani har ido, ya ɗora baƙin tabarau. Ramatou ta ce za ta bi shi don ta riƙe kular abinci. Suna ƙetare gada ya tsaya wurin mai faci, ya ce a cika masa tayoyi har su yi tauri kamar dutse.

“Alhaji,” in ji Ramatou a hankali, “cikin yashi rage iska ake yi, ba ƙari ba. Kuma kahin ka hau, sai ka sauka ka durƙusa ka...”

“In durƙusa?” Alhaji ya katse ta. “Hajiya, ni da na ratsa Tenere? Babbar mota ba ta tahiya da taya a saɓule kamar amalanken mai ruwa. Kuma ban taɓa durƙusa ma taya ba, ba ni farawa yau. Ki ji da kularki.”

Ta ji da kularta. Abin da bai bari ta ƙarasa ba shi ne, irin wannan mota tana da ɗan maƙulli a cibiyar kowace tayar gaba. Sai an murɗa shi da hannu sannan tayoyin gaba su kama aiki. In ba haka ba, ko ka ja ƙaramar giyar da direbobi ke kira karabo, na baya ne kaɗai ke wahala. Alhaji ya shekara shida yana tuƙa rabin motarsa bai sani ba.

A gindin tudu motoci sun kai ashirin, ga butar can sama tana ƙyalli. Alhaji ya ja karabo da ƙarfi yadda kowa zai gani, ya taka wuta. Motar ta yi ruri, ta haura kamar taku talatin, ta tsaya. Ya dawo da baya, ya ce yana ɗanɗana yashin ne. Karo na biyu ya taka wuta har ƙasa. Tayoyin baya suka yi ta haƙa rami suna watsa wa jama'a ƙasa, na gaba suna tsaye abinsu ba ruwansu. Da kyar aka turo ta ta dawo fili.

Saura karo ɗaya. Ramatou ta dubi mijinta, ta ga gumi ya jiƙa rawanin, sai tausayi ya kama ta. Ta tuna katin nan da ke aljihun rabin kasuwa.

Shi kuwa Alhaji, da ya ga abu ya ƙi, sai ya koma ga abin da ya fi iyawa. Ya sauko, ya juya wa motar baya, ya fuskanci jama'a, ya ɗaga hannu.

“Jama'a, wannan ba yashi ba ne, ƙasar gini ce. Yashin gaskiya yana Tenere. Lokacin da munka shiga, ni da Allahna, rana ta biyu guguwa ta taso...”

A bayansa Ramatou ta sauko ba motsi. Ta zare ɗan kunnenta, ta tsuguna, ta danna bakin iskar taya da tsininsa. Ta bi su huɗu ɗaya bayan ɗaya har suka yi laushi suka baje. Sannan ta durƙusa gaban tayar gaba ta murɗa maƙulli, ta zagaya ta murɗa ɗayan. Ta karkaɗe zanenta ta koma ta rungumi kula.

Alhaji bai taɓa samun masu sauraro irin na ranar ba. Mutum arba'in sun yi tsit, sun zuba ido wajensa ko ƙiftawa babu, wasu har suna ɗaga salula suna ɗauka. Daɗi ya kama shi, ya rage tafiyar zuwa kwana biyu cif.

Ya koma mota, ya yi bisimilla, ya taka. Kat-kat ta hau tudu lafiya lau kamar tana kan kwalta. Shi kansa sai da ya firgita. Ya sauko da buta a hannu, yana ɗaga ta sama.

“Kun gani ko? Biyun farko na yi su ne don yara su koyi yadda ba a yi.”

Ɗan'azumi ya matso yana dogara sanda. Idonsa ya yi rauni, amma ba irin wannan raunin ba.

“Madalla, Alhaji. To ga sababbin shiga nan, ka nuna musu abin da anka yi ma tayoyin kahin ta hau.”

Alhaji ya waiwaya, ya ga tayoyinsa sun saɓule. Amma Zaki ba ya rasa ta cewa. “Rage iska ke nan. Tsohuwar dabarata ce.”

“Maƙullin hwa?”

“Maƙulli... ai shi ne babba.”

“Nuna muna shi.”

Nan fa Alhaji Abdoulkarim ya tattare farar shaddarsa, ya kai gwiwa ƙasa a gaban jama'a, gaban tayar baya. Ya shafa nan, ya shafa can, ya kama wani noti yana ta kokawa da shi. Ramatou ta yi gyaran murya, ta nuna masa gaba da baki. Ya gyaɗa kai alamar ya gane, ya miƙe da nauyinsa, ya zagaya, ya durƙusa gaban ɗaya tayar ta baya.

Babu wanda ya yi dariya da ƙarfi, don yawancinsu a shagonsa suke sayen kayan salla. Ɗan'azumi ya sunkuya ya ɗauki butar daga inda Alhaji ya ajiye ta, ya kakkaɓe yashin, ya miƙa wa Ramatou da hannu biyu.

“Hajiya, a kai mu lahiya.”

Washegari a kasuwa Alhaji ya bayyana wa maƙwabta cewa shi ya tsara abin tun daga gida. Babban mutum, in ji shi, ba ya tuƙi da kansa, naɗa direba yake yi. Suka ce gaskiya ne, Zaki.

Da lokaci ya yi, farar kat-kat ce a gaban jerin gwano, Ramatou a kan sitiyari, Alhaji a gefe rungume da buta. Doka ɗaya ta kafa, cewa jagora ba ya sauka daga mota, in an iso yashi na kusa da shi ne ke fita ya murɗa maƙulli. Waɗanda suka yi tafiyar sun ce daga Yamai zuwa Ingal sau goma sha ɗaya Zakin Tenere ya durƙusa, kuma a ciki sau biyu kawai ya nufi tayar baya.