Shanun Yuguda a Lambun Abbagana

"Wushe, wushe, bawana! Sai yanzu ake zuwa gaida ubangida, rana ta kusa take tsaka?"

"Jam, Kolejo. Ni ba gaisuwa ta kawo ni ba. Nishi na ji a cikin ciyawa, na ce ko tsohon jaki ne ya maƙale a laka, ashe Babarbare ne ya kama fartanya."

Ina ba salak ruwa na ji wannan, sai na yi maza na kashe inji, don ba zan ƙona mai kuma in yi asarar magana ba. Mai nishin Abbagana ne, maƙwabcina a bakin kogin Gashuwa. Shekara da shekaru yana Nguru yana sayar da bandar kifi, bana ya bar wa 'ya'yansa rumfa ya dawo, wai zai raya lambun mahaifinsa. Lambu dai suna ne kawai! Geza da ƙaya da kacala sun cinye shi, in ka shiga ba a ganin ko hularka. Mai tsokanar kuwa Yuguda ne, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gari, shi ke kiran Abbagana Kolejo kamar yadda Fulani ke kiran Barebari. Wasan da ke tsakaninsu gado ne, kowa na rantsuwa ɗayan bawansa ne.

Amma ni na san abin da ya taso Yuguda. Gaɓar nan duka an kewaye ta da shinge, albasa da tattasai har bakin ruwa. Kangon lambun nan kaɗai ya rage, ta cikinsa shanunsa ke gangarawa su sha. Abbagana kuwa da safen nan ya ja ƙaya ya toshe bakin wurin. Shi kuma Yuguda, wallahi ya fi son ya haɗiye sandarsa da a ce ya roƙi Babarbare.

Abbagana ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya ce, "Matso ka ga aikin maza, Fulata. Dubi nan! Tun daga shinge har ruwa, fes, ni kaɗai."

Yuguda ya rataya hannuwa a kan sandarsa, ya leƙa. "Kai ka share nan?"

"Da wa na share? Da kakanka?"

"To, sannu. Amma tausayinka nake ji. Ka san akwai mesa a cikin gezar can? Ta kai tsawon motar itace."

"Madalla. Ai Barebari ba mu tsoron mesa, ɗamara muke yi da ita."

"Ta haɗiye akuya jiya."

"Ta haɗiye akuya ta ƙyale ka? To ta san inda nama yake. Kai in ta haɗiye ka, sai dai ta ce ta yi sakace."

"Bar ta mesa. Akwai mutanen ɓoye a gindin tsamiyar can. Aradu na ji suna daka da rana tsaka."

"Me suke dakawa?"

"Burabusko. Barebarin aljanu ne."

"To 'yan'uwana ne, za su taya ni dashe. Da Fulanin aljanu ne da na damu, don sai na wayi gari sun kwashe ko igiyar guga sun yi ƙaura."

Na ƙyalƙyale da dariya har na zame a bakin fangali. Yuguda ya juyo ya ce, "Malam Saleh, kai Bahaushe ne, ba da kai ake ba. Koma ga ciyawarka da kake sayar wa mutane da sunan abinci."

Na ce na koma, amma ko motsi ban yi ba.

Ya sake juyawa ga Abbagana. "Kolejo, tsakani da Allah, me ya haɗa ka da lambu? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana korar ƙuda daga kan kifi! Har yanzu in ka wuce, kyanwoyin Gashuwa sai sun raka ka gida."

"Gara ni kyanwa ke bi na. Kai tun da aka haife ka kake bin bayan saniya, ba ta taɓa juyowa ta ce maka sannu ba."

"Ƙasar nan ma ta mutu. Kanwa ce zalla. Ko tsakuwa ka shuka ba za ta fito ba."

Nan Abbagana ya yi tsugunne da ƙyar, ya damƙo ƙasa ya kai wa Yuguda har hanci. "Ta mutu? Shinshina! Baƙa wuluk, ga laushi kamar gari. Wannan albarkar ubana ce, Allah ya ji ƙansa. A nan zan dasa albasa, kowace sai ta fi kanka girma. Ko da yake wannan ba abin fahariya ba ne."

Yuguda ya shinshina, ya sake shinshinawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Me ka gani na dariya?"

"Kolejo, Allah ya ji ƙan Baba, mutumin kirki ne, ko da yake bawanmu ne. Amma wannan ba albarkarsa ba ce. Wannan albarkar ta fito ne daga ƙarƙashin wutsiyar shanuna."

"Ƙarya kake!"

"Kuma wannan wuri da kake ta bugun ƙirji ka share, da ka zo ka tarar da geza a kai?"

Abbagana ya sosa ƙeya. "Akwai... 'yar ciyawa."

"'Yar ciyawa! Ai hanyar shanu ce. Su suka share ta da kofato, kullum, tun kana Nguru kana fifita kifi. Kai dai ka zo ka sosa mata baya da fartanya, ka ce ka yi aikin maza."

Abbagana ya dube ni. "Saleh, gaskiya ne?"

Na ce, "Alhaji, ni dai na yi mamakin yadda aikin ya miƙe sambal daga shinge zuwa ruwa, har da 'yar kwana wajen tsamiya."

Ya watsar da ƙasar, ya goge hannu a jikin rigarsa, sannan ya tuna abin da ya goge, ya yi tsaki. Amma Babarbare ba ya faɗuwa a gaban Bafulatani. Ya gyara hula ya ce, "To ai daidai ke nan. Shanun bawa na ubangida ne. Sun share, sun zuba taki, aikinsu ya ƙare. Na sallame su, su je Allah ya yi musu albarka."

"Ka biya su lada tukuna."

"Ladan me? Ciyawar ubana da suka yi shekaru suna ci fa? In aka yi shari'a, har malfar nan sai na karɓe."

"Karɓi mana. Kan Babarbare ba ya shiga malfa, sai dai masaki."

Ana cikin haka sai ga shanun sun iso da kansu, don sun san lokacinsu ba sai an kora su ba. Jajaye ne masu manyan ƙahoni, suka zo suka yi cirko-cirko a bakin ƙaya. Ta gaba ta sa hanci, ƙaya ta soke ta, ta ja da baya ta yi kuka. Ga ruwa suna gani yana ƙyalli, ga ƙanshinsa, ba hanya. Maruƙa suna ta kutsawa tsakanin ƙafafun iyayensu, harsuna a waje. Ni dai abin ya taɓa ni, har na ji haushin dariyar da nake yi.

Yuguda ya sauke sandar daga kafaɗa. Muryarsa ta sauka ita ma. Bai dubi Abbagana ba, shanun ya duba.

Ya ce, "In ba nan ba, sai na zaga da su can wajen Dagona. Manyan za su kai. Maruƙan nan ba za su kai ba."

Abbagana ya dubi maruƙan, ya dubi tafin hannunsa da ya yi bororo, ya dubi wannan baƙar ƙasa da ya riga ya gama lissafin albasa a kanta. Ya kuma dubi sauran lambun, inda geza ta fi shi tsawo. In ya bar wa shanu hanya, to bai fara komai ba ke nan.

Can ya ce, "Fulata, roƙona kake yi?"

"Allah ya kiyaye! Da saniyata nake magana. Kai wa ya ce ka sa kunne?"

"To gaya wa saniyarka ta roƙe ni."

"Ba ta jin Barbarci. Saniya ce mai asali."

"Kai, wannan bawa da taurin kai yake! Ce 'don Allah, ranka ya daɗe' kawai, sau ɗaya, Saleh zai toshe kunne."

"Aradu ko Saleh ya mutu ba zan faɗa ba."

Na ce, "A'a, ku bar ni da raina, ina da iyali."

Sai Abbagana ya fashe da dariya, irin wadda ke sa shi tari. Ya tafi yana ɗingishi ya kama reshen ƙayar da ya sha wahalar jawowa, ya ja shi gefe. "Ku wuce, ku wuce! Ba don ubangidanku ba, don shi ba shi da kunya. Don maruƙan nan na yi. Daga yau hanyar nan taku ce, daga shinge har ruwa, Saleh ne shaida. Amma duk wadda ta leƙa mini albasa, da ita zan yi layya."

Shanu suka kwarara, ta gaba har ta goge shi da ƙugu ta kusa kai shi ƙasa. Suka tsunduma baki a ruwa, ba ka jin komai sai zuƙa. Yuguda ya tsaya yana kallonsu.

Abbagana ya ɗauki adda, ya fuskanci gezar, ya ja dogon numfashi. Ya kai sara ɗaya, adda ta yi tsalle ta dawo, geza ko gezau. Ya kai na biyu, bayansa ya ce ƙas, ya tsaya a sunkuye.

Yuguda ya girgiza kai. Ya jingine sandarsa a tsamiya, ya cire malfa ya ɗora a kai, ya naɗe hannun riga.

"Kawo addar nan, Kolejo, kafin ka sare ƙafarka a ce ni ne. Gobe zan zo da bijimi ya tumɓuke kututturan."

Abbagana ya miƙa masa, ya lallaɓa ya zauna a inuwa, ya miƙe ƙafa. "Alhamdu lillahi! Saleh, zo ka gani. Yau bawa ya tuna aikinsa."

Yuguda ya kai sara, geza ta kwanta. Ya ɗago ya nuna ni da bakin addar.

"Malam Saleh, in labarin nan ya kai ruga, cewa an ga Yuguda yana yi wa Babarbare sassabe, aradu ta cikin salak ɗinka shanuna za su bi gobe."