Yadda Za Ka Zaɓi Mazubin Harsashi Ka Burge Surukinka

Bi matakan nan shida sau da ƙafa, na yi maka alkawari kafin a buɗe farautar bana ta elg, ƙatuwar barewar nan ta dajinmu, surukinka zai fara gaishe ka da hannu biyu. Hanyar ba ta taɓa ba da kunya ba. Sindre Haugen, mai haɗa magani a kemis ɗin garinmu, ya bi ta bara, ga shi nan yana yawo da ƙafafunsa.

1. Fara da ƙarya, a gaban shaidu

Kada ka karanta komai tukuna, karatu shakka yake kawowa. Jira cin abincin Lahadi a gidan surukai.

A nan surukin Sindre, tsoho Oddvar, shugaban maharban ƙauyen, wanda kowa ya san shekara arba'in bai harba harsashin kanti ba, ya ce gurbi ɗaya ya buɗe a ƙungiya. Amma shi ba ya ɗaukar mutumin da bai iya ɗura wa harsashi albarushi da hannunsa ba.

"Ai ni ma ina ɗan taɓawa, Baba," in ji Sindre.

Matarsa Ragnhild ta dire kofin kofi. "Kai? Kai da ka kira ni in canza maka ƙwan fitila?"

"Wancan lantarki ne. Wannan ilimi ne."

"To, madalla," in ji Oddvar. "Asabar ka zo da guda ashirin mu ga tashinsu."

2. Shiga kanti da fuskar masani

Mazubi shi ne ɗan bututun ƙarfen da ake danna tsohon kwanson harsashi a ciki ya koma siffarsa kafin a sake ɗura shi. Kowace bindiga da nata. Abin da ya kamata ka sani ke nan, don haka manta da shi.

Mai kanti ya tambayi Sindre lambar bindigarsa. Ya ce shida da rabi.

"Shida da rabi wacce? Ai suna da yawa."

Kul ka ce ba ka sani ba! Sindre ya ɗauki kwali biyu, ya jinjina su a tafin hannu kamar mai sayen kankana, ya zaɓi mafi nauyi. Abu mai nauyi ba ya ƙarya.

3. Ɗora laifi a kan wani

Kwanson farko ya fito a lotse kamar hular da ƙato ya zauna a kai. Na biyu ma haka, har na tara. Takardar bayani tana cikin kwali, ka bar ta ta huta.

"Haka ake so su fito?" Ragnhild ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Tagullar ce ba ta da kyau. Aikin mutanen Sweden ne."

4. Ari na suruki, shi bai sani ba

Ranar Alhamis da hantsi Oddvar ya kai karensa wurin likita. Sindre ya lallaɓa ɗakin ƙasa na gidan, ya ɗaura mazubin da tsohon ya gada daga mahaifinsa a kan injin dannawa, ya saka kwanso a bushe ƙarau, ya danna da dukan ƙarfinsa. Kwanso ya shiga. Da ya ja, gindin ya ɓalle, sauran ya yi zamansa a ciki.

Ya gwada filaya. Ya gwada guduma. Ya gwada magiya. Sannan ya zauna a kan bokiti, gumi na bin bayansa, yana tunanin wace ƙasa ce ke neman masu haɗa magani.

5. In an kama ka, miƙa wuya

Surukarsa Gunvor ce ta sauko ɗiban dankali. Ta dubi guduma, ta dubi mazubi.

"Ba ka shafa masa mai ba."

"Mama, wallahi..."

"Matsa."

Ta buɗe wata durowa ba tare da ta duba ba, ta zaro abin huda da wata 'yar ƙusa, ta murɗa nan, ta juya can. Kafin Sindre ya gama haɗiye yawu, ga guntun kwanso a tafin hannunta.

"Mama, a ina kika koyi wannan?"

"Wa kake zato yake ɗura wa tsohon nan? Shekarar da muka yi aure ya maƙala kwanso a cikin mazubin nan, har da kukansa. Tun daga ranar, aikinsa a ɗakin nan shi ne rufe ƙofa da kunna rediyo."

Ta ɗaga wanda ya sayo, da ya taho da shi, ta yi tsaki. "Wannan ba na bindigarka ba ne. Lambar tana jikin bututun bindigar, ka karanta ta har ƙarshe, ba rabi ba. Mayar musu. Na tsohon nan ne daidai da taka."

Sannan ta zaunar da shi. Awa uku yana awon albarushi tana tsaye a kansa da cokalin katako. A na ashirin ta ce, "Hannunka a sikeli ba laifi. Kanka ne dai."

6. Ranar gwaji, rage baki

Asabar, a filin harbi, biyar ɗin farko duka suka faɗa cikin da'ira. Maharba suka yi tafi. Oddvar bai yi ba. Ya ɗauki harsashi ɗaya, ya juya shi a hasken rana, ya daɗe yana dubawa. Shekara arba'in yana ganin wannan aikin.

"Wa ya koya maka?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Malaminmu ɗaya, Baba."

Tsohon ya yi tari, ya gyara hula, ya waiga ko wani ya ji.

"Ashirin da biyar ga Satumba, ƙarfe biyar na safe. Kai za ka kawo kofi. Kuma a ƙungiyar nan, ɗana, mazaje ba su cika surutu ba."

A kula

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin ƙonewar gira, mutuwar mazubin gado, ko yajin mata. Albarushi ba ya jin barkwanci, je ka koya wurin wanda ya iya da gaske. Idan kuwa ka sauka ɗakin ƙasa ka tarar surukarka dankali kawai ta zo ɗiba, ban san ka ba, ba ka san ni ba.