Yadda Za Ka Shugabanci Masu Karatu Ba Ka Buɗe Littafi Ba

Ina ba ka tabbaci, ya kai ma'aikacin asibiti mai son a riƙa ganinka da ilimi, cewa idan ka bi matakan nan bakwai yadda na jera su, za ka shugabanci ƙungiyar karatu ta ma'aikata shekara shida cur, a riƙa kiranka Shugaba a farfajiya, a manna hotonka a allon sanarwa, alhali ba ka taɓa karanta littafi ɗaya daga bango zuwa bango ba. Ba a bakin wani na ji ba. A kaina aka gwada maganin, kuma ya yi aiki fiye da yadda na so.

Ni ne mai kula da fayil-fayil ɗin ma'aikata a asibitinmu, saura wata goma sha huɗu in yi ritaya. Mutum irina ba ya barin gado sai na dabara, don haka ga ta nan.

Mataki na ɗaya: Ka fara gano inda ɗakin yake

Kowane babban asibiti yana da ɗakin karatu, sai dai ba kowane ma'aikaci ne ya san da haka ba. Namu yana bayan ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, in ka wuce wurin wanki ka karya hagu. Kanta shida na littattafai, dogon tebur mai kujera goma sha biyu, da fanka mai kukan da in ka saba da shi sai ka daina ji.

A bakin ƙofa za ka tarar da mai kula da ɗakin. Tamu Malama muke ce mata, shekararta goma sha tara a kujerar nan. Gabanta rajistar aro ce da hatimin kwanan wata. Ita ke nemo wa likitoci takardun bincike, ita ke zama da nas-nas masu shirin jarrabawar ƙarin girma, kuma duk farkon wata tana fitar da takarda mai shafi ɗaya, Labaran Ɗakin Karatu, ta manna a allon da ke kusa da kantin ma'aikata.

Kada ka wahalar da kanka da karanta takardar duka. Sakin layi na ƙarshe kawai za ka duba, inda aka ce ƙungiyar karatu tana neman shugaba. Ka miƙa sunanka. Ba za ka samu abokin takara ba, domin muƙami ne da ba mota, ba ofis, sai girma zalla, kuma girma zalla shi ne abin da ya rage wa mutum in furfura ta riga ƙarin matsayi zuwa.

Mataki na biyu: Ka nemi allura

Ƙa'idar ƙungiya ita ce a zaɓi littafi ɗaya duk wata, kowa ya ara ya karanta, a haɗu Alhamis ɗin ƙarshen wata lokacin hutun rana a tattauna. Kai kuwa, ranar Laraba za ka leƙa, sa'ad da ba kowa, ka tsaya gaban teburinta da fuskar wanda aiki ya sha masa kai.

"Malama, wannan watan fayil sun danne ni. Ko za a ɗan tsakuro mini abin da ke ciki?"

Ranar da na fara faɗin haka, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Yallaɓai, shafi ɗari biyu ne kacal."

Na ce, "Shi ya sa na ce a tsakuro."

Washegari da safe na tarar da takarda ɗaya a ƙarƙashin ƙofar ofishina, da rubutun hannunta: su wa ke cikin labarin, me ya same su, ina aka ƙare. Mai ɗakin magani ne ya raɗa wa takardar suna da ya kama ni ina haddace ta a bayan ƙofa. Ya ce littafi maganin sha ne, wata guda kana haɗiya kana yamutsa fuska, wannan kuwa allura ce, minti biyu ka warke. Ya kuma roƙi a yi masa tasa.

Kafin shekara ta zagayo, mu goma cikin goma sha ɗaya allura muke karɓa, kowa a ɓoye, kowa yana zaton ya fi sauran wayo. Malama ta daina rubuta wa kowa tasa, ta koma buga kwafi.

Ka lura da wani abu a nan, don zai dawo maka: wanda ya karɓi allura ba ya aron littafi, wanda bai ara ba kuwa sunansa ba ya shiga rajista.

Mataki na uku: Ka mallaki jimla uku

Ba ka bukatar fiye da uku. Ta farko: "Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da marubucin bai faɗa ba." Wannan ba mai iya ƙaryata ta. Ta biyu: "Tsakiyar littafin ta ɗan yi nauyi." Babu littafin da tsakiyarsa ba ta yi wa wani nauyi ba. Ta uku ba jimla ba ce, shiru ne: ka cire tabarau, ka matse tsakanin idanunka, ka girgiza kai a hankali. Sista babba ta taɓa cewa shiruna ya fi maganar wasu ilimi. Ita ma allura take karɓa.

Mataki na huɗu: Ka yi hattara da wanda ya karanta

A kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya da bai fahimci tsarin ba, yana karanta littafin da gaske. Shi ne babban haɗarinka. Namu direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, dattijo sa'ana, wanda rabin aikinsa jira ne a bakin ƙofar wani asibitin, littafi a kan sitiyari.

Wani watan mun ɗauki labarin wata mata da ta yi shekaru tana jinyar mahaifinta. Na gama jimlata ta farko, na fara shirin cire tabarau, sai Direba ya ɗaga hannu.

"Shugaba, inda ta rufe wa tsohon ƙofa fa? Kai a ganinka ta kyauta?"

Allurata ba ƙofa a cikinta. Na duba fuskokin mutum tara, duk sun sunkuya suna gyara kofin shayi.

Ga abin da za ka yi: ka jingina, ka ce, "To, kai me ka gani?"

Direba ya ce, "Ni dai da na kai shafi na ɗari da goma sha biyu, ajiye shi na yi, na fita daga motar na sha iska. Har mai gadi ya tambaye ni ko wanda na kawo ne ya cika."

Sai ka ce lalle wurin yana da nauyi, ka dubi agogo, ka ce hutu ya ƙare. A zama na gaba ka naɗa shi sakatare. Wanda hannunsa ke rubuta abin da wasu suka faɗa, bakinsa ba ya samun sarari. Ya yi murna da muƙamin, har ya sayi sabon biro.

Mataki na biyar: Ka karɓi yabo da hannu biyu

Labaran Ɗakin Karatu yana da wani ɗan gurbi mai suna Jawabin Shugaba. Ka bar wa Malama ta cike shi, kai naka sa hannu. Wata rana maiɗakina ta ga ɗaya a aljihun rigata, ta karanta a tsaye, ta ce, "Ashe haka kake da daɗin zance a takarda? Mu a gida sai 'ina silifas ɗina.'" Ta sa aka yi masa gilashi, yana nan rataye a falo sama da talabijin. Duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa. Ka koyi zama da bayanka ga wannan bangon.

Mataki na shida: In an tambaye ka, ka ce a waya

Wannan shi ne matakin da ke raba ƙwararre da ɗan koyo, don haka ka natsu.

Wata rana za a kawo sabon Babban Likita, mai son komai ya zo masa da lamba. Zai ga kwalayen safar hannu da na ruwan ƙari sun cika baranda, sito ya yi kaɗan, zai tambaya wane ɗaki ne ba a amfani da shi. Wani zai ambaci bayan ɗakin hoto. Za a kira ku biyu, kai da Malama.

Namu bai zo da mugunta ba, wannan zan faɗa don kada in ɗora masa abin da ba nasa ba. Ya buɗe rajistar aro, ya bi ta da yatsa shafi bayan shafi. Likitoci yanzu kowa da kwamfutarsa, nas-nas ba sa zuwa sai jarrabawa ta gabato. Abin da ya rage wa ɗakin na hujja shi ne mu.

Ya ce, "Shugaba, an ce ku goma sha ɗaya ne, littafi ɗaya duk wata. Amma a shekara guda sunan mutum ɗaya nake gani a nan, direba. Ku sauran a ina kuke samun littafin?"

Sai ya ƙara, kuma wannan ƙarin ne ban so ba: "Ko akwai wani aikin da take yi muku wanda rajista ba ta nunawa? In akwai a faɗa mini, in bar mata ɗakinta, in nemi wa kwalaye wani wuri."

Malama tana zaune a gefena da fayil kore a cinyarta. Na san fayil ɗin, ni na ba ta shi daga ofishina. Allura saba'in da biyu ne a ciki, littafi saba'in da biyu da ta karanta don mu goma mu yi baki. Buɗe shi kawai za ta yi. Ba ta buɗe ba. Ta ɗora tafin hannunta a kai, ta juyo ta dube ni ta saman tabarau, kamar ranar farko.

Hanya biyu ce a gabanka. Ta ɗaya, ka ce akwai, ka bayyana mene ne, kafin a tashi aiki labari ya kai kantin ma'aikata, ya kai wurin wanki, ya kai falon da aka rataye gilashi. Ta biyu gajeriya ce.

"Babu, ranka ya daɗe. Yawancinmu a waya muke karantawa. Zamani ne ya zo da haka."

Ka faɗe ta da murmushi. Babban Likita zai gyaɗa kai, ya ce ya ji daɗin ganin dattijo yana tafiya da zamani, ya rufe rajista. Ka lura ba ka zagi kowa ba, ba ka ce a rufe komai ba. Wannan lurar za ta yi maka amfani daga baya, ka riƙa maimaita ta.

Mataki na bakwai: Ka ci gaba da shugabanci

Cikin mako biyu za a zuba littattafai a kwalaye, kwalayen baranda su shiga kantocinsu. Malama za a mayar da ita tagar yankar kati, inda marasa lafiya ke layi tun safe. Ba a kore ta ba, wannan ma ka riƙa maimaitawa. Direba ne ya kwashi littattafan zuwa wani ɗaki da ban tambayi inda yake ba. Da muka haɗu a farfajiya ya ajiye mini littafin rubutun sakatare a hannu, da biron, ya ce, "Sannu, mai waya," ya wuce.

Ƙungiya ba ta mutu ba. An ce a riƙa haɗuwa a kantin ma'aikata, kuma har yanzu kai ne Shugaba. Saboda haka Larabar ƙarshen wata za ta zo, Alhamis tana biye, kai kuma ba ka da abin faɗa. Ka bi layin yankar kati. Na bi, tsakanin wata mai goyo da wani mai tari, ina gaya wa kaina gaisuwa ce ta kawo ni.

Da na iso taga na sunkuya na ce, "Malama, ya sabon wuri?"

"Lafiya lau, Yallaɓai. Kati ne?"

"A'a. Dama... na wannan watan ne."

Ba ta yi fushi ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Allura ta ƙare, Yallaɓai. Sai dai ka sha maganin."

Ta jawo jakarta ta fito da littafin nan na mai jinyar mahaifinta, da hatimin kwanan wata, wanda ashe ta taho da shi. Ta buɗe bangon baya, ta buga ranar aro, ta turo mini ta ƙarƙashin gilashi. Na duba, layin da ke kusa da ranar aron ba komai.

Na ce, "Ba ki sa ranar dawowa ba."

Ta ce, "Ka dawo da shi ina?" Sannan ta leƙa bayana ta ce, "Na gaba."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya cika alkawarinsa: ya ce za ka yi shugabanci ba karatu, kuma za ka yi. Abin da ya biyo baya ba ruwansa. Idan ka wayi gari kana zagaye ta bayan ɗakin haihuwa don kada ka bi ta gaban ɗakin hoto, ƙafarka ce. Idan ka daina zama a falonka, kai da maiɗakinka ne. Idan wayarka ta yi ƙara a gaban direba ka ji kunyar fito da ita, ka kai kuka wurin masu waya. Ba a karɓar ƙorafi, ba a mayar da magani bayan an sha, kuma kada wanda ya zo ofishina yana tambayar abin da ya faru a bakin ƙofar tsohon nan na cikin littafin. Ina shafi na ɗari da goma sha ɗaya tun makon jiya, ban juya ba.