Fadar Gwangwala ta Malam Gidaɗo

Duk wanda bai ga Malam Gidaɗo a zamaninsa ba ya yi asarar kallo, sai dai mu ba shi haƙuri. Mutum ne wanda in ya fito da safe sai ya ɗaga kai ya duba sama tukuna, ya ga ko ta yi wani abu ba da izininsa ba. Aikinsa a Azare auna ruwan sama. Wata 'yar kwalba ce a bayan ofis, in an yi ruwa ya je ya leƙa ya rubuta. Iyakar aikin ke nan. Amma daga kwalbar nan bawan Allah ya naɗa wa kansa Sarkin Sararin Katagum. Mata a bakin rijiya suka ga sunan ya yi nauyi, suka rage masa kaya, suke ce masa Na-Sama.

'Yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu ya nasu, Na-Sama ya sayo akwatin rediyo daga Kano, ƙato kamar adakar tufafi, da batirinsa irin na mota. Bai huta ba sai da ya aika wa masu shirin gaishe-gaishe na Kaduna wasiƙa, sunansa da sarautarsa kaɗai suka ci rabin shafi. Amsa ta zo: ranar Asabar bayan la'asar za a karanta. Wayyo daɗi! Ya bi gari gida-gida yana gayya, har Dambam da Gamawa ya aika, kowa ya zo ya ji iska da kanta tana ambaton mai ita.

Matsala ɗaya ce. Muryar Kaduna a akwatin nan kamar sauro ya faɗa tulu take. Dole ya kira Hammawa, tsohon soja mai gyaran kekuna a bakin kasuwa, wanda ya yi aikin wayar iska a yaƙin Boma.

Hammawa ya kafa gwangwala huɗu a jere a ƙofar gidan, tazararsu ɗaya, suna fuskantar Kaduna. Ya ɗaura wa kowace waya, ya jawo su zuwa akwatin, tsawonsu ɗaya, har da igiya ya gwada.

"Malam, kowace sanda tana kamo muryar kaɗan," in ji shi. "In suka kawo ta lokaci ɗaya sai ta haɗu ta yi ƙarfi, kamar ƙarti huɗu su ɗaga azara da 'ya Allah' guda. In ɗaya ta makara, sai ta danne ta 'yar'uwarta, kunnen akwatin kuma ya karkata wani gari. Don Allah kada a taɓa."

Ya murɗa. Sai ga Kaduna tangaram, kamar mai maganar yana zaune a zaure.

Wani mutumin da sai ya ce madalla. Amma Na-Sama ba wani mutumin ba ne. Ranar Juma'a ya sakko daga masallaci, ya tsaya ya ƙare wa gwangwalan nan kallo, ransa ya ɓaci. Sanduna huɗu kafaɗa da kafaɗa, babu babba babu ƙarami? A ƙofar gidansa? Hakimai su zo su ga wannan rashin tarbiyya? Ya sa aka kirawo Hammawa.

"Kai Soja, a wace fada ka taɓa ganin an zauna haka? Ko a ofis kujerata ba ɗaya take da ta masinja ba. Ni na san sama, shekara goma sha ɗaya ina auna ta. Iska ma ta san na gaba da ita. Wannan Waziri ne, a matso da shi gaba taku uku, a ƙara masa waya ya ji ya isa. Wannan Galadima, a bayansa. Wannan Madaki. Wancan siririn Dogari ne, a kai shi can bakin kwata, a rage masa waya, ya san matsayinsa."

"Ranka ya daɗe, murya ba ta san Waziri ba."

"Za ta san shi gobe. Jeka, kekunanka na jira."

Da hannunsa ya yi naɗin. Ya nannaɗe wa Waziri waya har ta yi tulluwa, ya ɗora farin ƙyalle a kai, saura kaɗan ya faɗi ya yi gaisuwa. Bai gwada akwatin ba, kada batir ya gaji kafin ranar girma.

Asabar ta zo, ƙofar gida ta cika maƙil. An shimfiɗa tabarmi, an kawo fura a ƙwarya-ƙwarya. Na-Sama ya hakimce a kujera cikin riga uku, gumi na bin wuyansa. Ya yi jawabi kan dangantakarsa da gajimare har mutane suka fara gyangyaɗi. Sannan ya miƙa yatsu biyu ya murɗa.

Akwati ya yi tari. Ya yi shuuu. Ya yi kukan ɗan akuya. Can sai ga wani mutum yana zuba Faransanci ta hanci, daga wajen Fallomi, can ƙasar da Faransawa ke mulki.

"Ai gaisuwar sauran ƙasashe ce ta fara isowa," in ji Na-Sama. "Haka ake yi wa manya. Ku dai ku natsu."

Aka natsu. Bafaranshe ya gama, aka sa masa wani kiɗa mai kama da ana jan garwa a kan dutse. Na-Sama ya tashi ya ƙara matso da Waziri gaba, ko ya yi fushi ne. Kiɗan ma ya ɓace.

Sai Baturiya, tsohuwa mai ƙosai, ta leƙo ta ce, "Jama'a, Kaduna fa tana can rumfar Hammawa tana magana."

Ashe Soja yana da wani ɗan akwati da ya harhaɗa da tarkace, da sandunansa huɗu a bayan rumfa, talakawa, ba mai ko ƙyalle. Mutane suka fara zamewa. Wannan zai je alwala, wancan ya tuna akuyarsa. Kafin ka ce me, har mutanen Gamawa sun tattare riguna suna sassarfa.

Na-Sama ya miƙe, ƙafarsa ɗaya ta yi gaba. Taku ɗari biyu ne kacal, da ya isa. Sai ya tuna ko shi wane ne. Sarkin Sarari a rumfar mai faci, a tsugune kusa da tayar keke? Ya koma ya zauna, ya gyara riga, yana jira a ɗauko masa akwatin Soja a kawo.

Daga nesa ya ji guɗa ta tashi, da tafi, da ihu. Wasiƙarsa ce aka karanta, kuma sau ɗaya ake karantawa.

Da yamma aka ɗauki Hammawa a kafaɗa aka zaga kasuwa da shi. Har yanzu tsofaffin Azare suna ba da labarin ranar da aka ambaci garinsu a akwatin Soja. In ka tambaye su wa ya aika wasiƙar, sai su sosa ƙeya, su ce wani ma'aikaci ne dai.