Muryar Inna a Waya Biyu

Tun da Inna ta rasu nake fargabar kada wayata ta faɗa ruwa, don muryarta na ciki, tana yi wa ɗana Habibu addu'a ranar suna, mutane da yawa na ɗauka a waya. Sai na tura wa Yaya Sani a Dole Kaina, na dinga cika wa matan gidanmu baki: ni ajiyata biyu ce.

Da wayar ta cika, na goge tawa hankali kwance. Bayan mako na kira shi ya turo mini.

"Ke! Ai na goge, na ce taki na nan."

Har yau Uwar Ajiya suke kirana, ina dariyar yaƙe. Don Allah, duk wanda ya je sunan Habibu a Bagudo, ya duba wayarsa.