Yadda Kawu Korau Ya Kai wa Baba Jin Mai Gahawa

Yaya Irimiya, yau kwana hamsin da uku da muka rufe ka a bayan coci, kuma ina da labari. Kai zan ba, don kai kaɗai ne za ka yi dariya a inda ya kamata.

Gidan yana nan yadda ka bar shi, a bakin tsohon layin dogo na Kafanchan. Mama tana nan, ni ina nan. Kawu Korau ƙanen Mama yana nan da shekarunsa arba'in da ɗoriya, yana yin duk abin da aka ce masa daidai yadda aka faɗa, ba ragi ba ƙari. Baba ne ba ya nan, ko da yake kullum muna ganinsa a gindin mangwaro. Tun da aka zuba maka ƙasa bai furta kalma ɗaya ba. Tuwo sai ya yi loma biyu ya ture kwano. Wandonsa ba ya zama sai da igiya. An kai shi asibiti, suka ce ba su ga komai ba. Mama ta ce mini a madafa, murya ƙasa-ƙasa, ita ba za ta iya kabari biyu a shekara ɗaya ba.

Ka tuna abin da kake haɗa masa duk Kirsimeti in ka zo daga otal ɗin da kake aiki a Jos? Farar barasar nan da ake kira jin, da gahawa, da sukari, da ƙanƙara, ka girgiza har kumfa ya hau kai kamar hula. Tambulan ɗaya yake sha, amma sai ya wuni yana ba mu labarin jiragen ƙasan da ya yi wa aiki. A aljihun jakarka na tsinci takardar da ka rubuta yadda ake haɗawa. Na ce a raina, abin da ya saba buɗe masa baki, ƙila ya sake buɗewa. To ni ina garejin babura daga safe zuwa la'asar, shi ya sa aike ya faɗa kan Kawu.

Wata rana na ɗauko tsohuwar kwalbar jin da ka bari a bayan kabad, ba komai a ciki sai ƙamshi. Na ba Kawu, na ce ya je kasuwa ya sayo irinta sak. Da la'asar ya dawo da kwalabe biyu, duk wayam. Ya ce ya sha wuya, don a shago uku an nuna masa irinta amma cike da wani ruwa, ya ƙi karɓa. Sai a wurin mai sayar da soyayyar gyaɗa a kwalba ya dace. Ya sayi gyaɗar, ya zauna ya cinye, ya wanke kwalbar. Har takardar jikinta ya ɗan yage daga gefe don ta yi daidai da taka.

Wata rana, bayan na je na sayo jin ɗin da kaina, na jiƙa dakakkiyar gahawa a ruwan sanyi tun da sassafe, yadda ka rubuta. Na ce wa Kawu in rana ta yi tsaka ya tace ta da ƙyalle mafi tsabta a gidan nan. Ya bi ɗaki-ɗaki yana ɗaga tsummoki a hasken rana, har ya kai ƙasan akwatin Mama, inda farin ɗankwalinta na zumuntar mata yake a goge. Gahawa kam ta tacu. Ya shanya ɗankwalin, ya ninke, ya mayar inda yake. Ranar Alhamis Mama ta ɗaura shi a gurguje cikin duhun ɗaki, ta tafi coci da wata taswira ruwan ƙasa a ka. Ta ce duk matan da suka zauna kusa da ita babu wadda ta yi gyangyaɗi ranar, har mai wa'azi ta yaba musu. Da ta dawo ta bi shi da muciya, yana zagaya rumbu yana ce mata ai kamata ya yi ta ji daɗi, a duk gidan nata ne ya zo na ɗaya.

Wata rana na aike shi sayen ƙanƙara wurin matar nan mai firji a bayan tasha. Na ja masa kunne, na ce ya bi inuwa, kada ya bari rana ta taɓa ledar. Ya bi jikin katanga, ya bi ƙarƙashin rumfuna, har ya iso filin ƙwallon firamare, inda babu ko inuwar sanda. Nan ya zauna a gindin darbejiya yana jiran gajimare. Gajimaren bai zo ba. Da na tashi aiki na same shi a wurin, rungume da ledar ruwa mai ɗumi kamar jariri.

"Filibus, ko sau ɗaya ba ta taɓa ta ba," in ji shi.

Wata rana Asabar komai ya haɗu, ni da kaina na ɗauko ƙanƙarar a babur. Ba mu da gwangwanin ƙarfe irin naka, sai na zuba komai a wata kwalba mai faɗin baki: jin murfi biyu, gahawa murfi biyu, sukarin da aka narkar cokali ɗaya. Na miƙa wa Kawu, na ce ya girgiza da iya ƙarfinsa, na juya in ɗauko tambulan. Ka san ƙarfin Kawu. Kafin in waiwayo, rabi yana jikin bango, rabi yana cikin tsakin da Mama ta zuba wa kaji. Na tambaye shi ina murfin kwalbar. Ya nuna mini shi a kan turmi, ya ce ya gani sarai, har ya yi mamaki da ban ce a rufe ba. Jan zakaran nan namu ya cinye tsakin tas. Barasa tana ce masa kwanta, gahawa tana ce masa tashi. Ya wuni yana tafiya a karkace yana cara, ya nemi faɗa da turmi, turmi ya yi nasara. Baba yana zaune yana kallo, fuskarsa ba ta motsa ba.

Wata rana, Litinin da ta wuce ke nan, na sake ɗauko ƙanƙara da sassafe, na haɗa da hannuna kafin in fita. Yaya, ya yi kyau. Baƙi wuluk a ƙasa, kumfa a sama, jikin tambulan yana zufar sanyi. Sai na kasa kai masa. Na ji tsoron ya dube shi ya dube ni, ya ga ba kai ba ne. Na ba Kawu, na ce: ka kai wa Baba, kada ka ajiye, kada ka dawo, sai ya karɓa da hannunsa ya sha. Na tafi gareji.

Mama ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Kawu ya tsaya a gaban Baba, hannu a miƙe. Baba ya kau da kai, Kawu ya zagayo ta can. Baba ya koma ɗaki, Kawu ya bi shi. Baba ya shiga bayi, sai ga hannu da tambulan ta saman zana. Kumfa ya kwanta, sanyi ya gudu, ƙuda ɗaya ya faɗa ciki ya mutu, Kawu bai sauke hannu ba. In wannan ya gaji sai ya sauya wancan.

Da la'asar Baba ya ɗauki sandarsa ya nufi wurinka. Kullum yana zuwa, kuma babu mai bin sa, don duk mun san wurin nasa ne shi kaɗai. Kawu bai san wannan ba, ba a faɗa masa ba. Ina dawowa na hango su a hanyar coci, tsoho a gaba, tambulan a baya. Na bi su daga nesa, na laɓe a bayan katanga.

Baba ya zauna a kan dutsen da ke gefen kabarinka. Kawu ya tsaya a kansa. An daɗe a haka. Sai na ji wata murya a dushe, kamar ƙofar da aka jima ba a buɗe ba.

"Korau, don girman Allah, kai wane irin mutum ne?"

"Filibus ya ce sai ka sha, Maigida."

"In na ƙi fa? In na mutu a nan?"

Kawu ya yi tunani sosai. "Bai faɗi wannan ba. Sai dai in jira."

Baba ya fizge tambulan ɗin, ya kurɓa, ya tofar. Ya ce wannan ruwan wankin tukunya ne, abin nan da sanyinsa ake sha, da Irimiya ya ga wannan da ya... Nan ya tsaya. Sunanka ya fita, ba damar mayar da shi.

"Da ka karɓa da safe, da sanyinsa," in ji Kawu.

Kafaɗun Baba suka fara rawa. Ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba. Ya riƙe tambulan ɗin da hannu biyu har abin ya wuce. Sannan, ba tare da ya waiwaya ba, ya ce in fito daga bayan katangar, tun ɗazu yake ganin inuwata. Ya ce in je in ce wa Mama ta ɗora tukunya, ba a shan irin wannan da cikin wofi, kuma gobe shi zai tsaya a kaina in sake haɗawa, tunda gidan ya cika da marasa kai.

Malmala biyu ya ci. Yana ci yana zagin Kawu, Kawu yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, Maigida. Mama ta juya mana baya tana goge ido da gefen zane, tana ƙara miya. Ni kuma na yi dariya har na ƙware.

Ga abin da ya sa na rubuto maka, Yaya. Daga lokacin da aka sauke tukunya har aka kwashe kwanoni, ban tuna ka mutu ba. Ko sau ɗaya. Sai da na fita wanke hannu na tuna, na tsaya da buta a hannu, ban san ko in nemi gafararka ba ko in yi maka albishir.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna.